Ƙofofin shamakin ƙirji: yadda muke gano su a jikin rago kafin rana ta ɗaga

Mahauci ba ya ɓata ko minti guda wajen raba shamakin ƙirji da haƙarƙari. Da ya farke ciki ya zare tumbi da hanji, sai ya zagaya gefen haƙarƙari da bakin wuƙa, ya cusa hannu ya finciko maƙogwaro da huhu da zuciya da hanta a haɗe, ya rataye. Daga nan abin da muka zo gani ya zama tsumma, babu mai iya cewa ga gabansa ga bayansa. Shi ya sa aikin nuna wa ɗaliban kiwon lafiya ƙofofin shamaki yake farawa tun jajibirin kasuwa, a ƙofar gidan Sarkin Fawa.

Abin da nake kira shamaki shi ne faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda littattafan likitanci ke kira dayafaram. Wasu tantani suke ce mata, amma tsakiyarta ce kaɗai fara mai kama da tantani, gefenta jan nama ne, kuma ita ce babbar tsokar numfashi. Ɗaliban da nake kaiwa mayanka, waɗanda gobe za su riƙe ƙananan asibitocin ƙauyukan Jigawa da Kano, duk sun haddace cewa manyan ƙofofinta uku ne, daidai gaɓa ta 8 da ta 10 da ta 12 ta ƙashin bayan ƙirji. Wannan haddar ba ta taɓa taimakon kowa a gaban maras lafiya ba. Abin da ke taimako shi ne sanin da me aka yi bakin kowace ƙofa, domin shi ke nuna abin da ƙofar za ta yi idan an ja numfashi, da irin matsalar da za ta iya kawowa. Yatsa ne ke koya wa mutum wannan.

Roƙon da nake yi wa Sarkin Fawa bai wuce jimla uku ba: "Ranka ya daɗe, rago ɗaya muke so a bar mana na awa guda bayan fiɗa. A farke ciki, amma kada wuƙa ta taɓa ƙirji. Hanta da ƙoda a bar su a inda suke." Sannan mu yi cinikin naman shamakin da hantar tun a lokacin, tunda za mu yayyanka su yadda ba za su sayu da daraja ba. Matsakaicin rago ya fi dacewa. Akuya ma tana yi, sai dai ƙofofinta ƙanana ne ga hannun namiji. Sa kuwa komai nasa a fili yake, amma nauyin tumbinsa kaɗai ya isa ya cinye rabin lokacin. Dabbar ta zama lafiyayya, a yanka ta a gabanmu. Ba ma buɗe mushe ko wadda aka yanka tana gargarar mutuwa ba a san dalili ba, saboda ciwon saifa, wanda ke kama mutum ta jini da fata.

Kayan aiki kaɗan ne: safar hannu ga kowa, almakashi mai dakusasshen baki, tocila, zare mai ƙwari, sababbin tsinken tsire guda uku, robar hanci ta ciyar da maras lafiya, faranti babba, bokitin ruwa da sabulu. Ba ma zuwa da fomalin ko tawada ko wani magani, domin naman nan cikin tukunyar mutane zai shiga. Mutum shida sun ishi rago ɗaya. Idan suka fi haka, na baya kallon ƙeyar na gaba kawai za su yi. Muna isa da an sallame sallar asuba, kafin ƙuda su taru kuma kafin naman ya sandare, domin tsokar da ta sandare ba ta nuna yadda take matsewa.

Kafin a sa hannu sai mun warware wata matsala ta harshenmu. Kalmar jijiya guda ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa huɗu daban-daban: mai kai jini daga zuciya, mai mayar da jini zuwa zuciya, farin zaren da ke ɗaukar saƙon motsi da jin zafi, da kuma agara. Duk huɗun suna cikin shamaki, kusa da juna. Don haka a mayanka muke cewa jijiya mai harbawa, jijiya mai mayar da jini, jijiyar saƙo, da agara, kuma duk wanda ya ce "jijiya" kawai sai na tambaye shi wacce.

Ana kwantar da ragon rigingine a kan fatarsa ko kan tebur mai tsabta. Abu na farko shi ne a lalubo inda bututun abinci ya shiga tumbi, a ɗaure shi da zare wuri biyu, a yanka tsakanin ɗaurin, a bar kamar faɗin yatsa huɗu a jikin shamaki. Wanda ya yanka bai ɗaure ba, ɗanyar ciyawar tumbi za ta kwararo ta rufe komai, ta kuma ɓata wa mahauci nama. Daga nan mahauci ya zare tumbi da hanji da saifa yadda ya saba, amma a hankali wajen gadon baya, kada ya finciko babbar jijiyar da ke manne da ƙashin.

Idan aka haska tocila cikin ramin da ya rage, kamar an leƙa cikin ƙatuwar ƙwarya ne, zurfinta ya nufi wajen kan dabbar. Tsakiyar fara ce mai sheƙi, ita ce agarar tsakiya. Jan naman ya taso daga gefen haƙarƙari da ƙarshen ƙashin ƙirji, zarensa duk sun nufi tsakiya kamar karan tsaikon ɗaki. Daga wajen gadon baya kuma wasu tsokoki biyu masu kauri sun taso kamar turaku, su muke kira ƙafafun shamaki. Na dama ya fi na hagu girma. A jikin mutum ma haka yake: ƙafar dama tana kama gaɓoɓi uku na farko na ƙashin ƙugu, ta hagu biyu.

A nan nake sa kowa ya danna shamakin da tafin yatsu. A ɗame yake kamar fatar kalangu, alhali dabbar ta mutu, babu tsokar da ke aiki. Abin da ya ɗame shi shi ne huhun da ke son tsukewa, yana jan shamakin sama, tunda iska ba ta da hanyar shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji. Bayan kowa ya taɓa, sai in huda jan naman ta hagu kusa da haƙarƙari da bakin almakashi. Za a ji iska ta shiga, fuu, kuma a kan idon kowa shamakin wajen ya saki ya yi laƙwas. Abin da ke faruwa ke nan idan wuƙa ko karyayyen haƙarƙari ya huda ƙirjin mutum: iska ta shiga, huhu ya tsuke. Wannan hudar sau ɗaya take yiwuwa a rago ɗaya, don haka ba na yin ta sai kowa ya yi shiru ya matso.

Ƙofa ta farko a bayan hanta take. Hantar rago ta karkata dama, kuma babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙasan jiki zuwa zuciya, wato bena kaba, ta ratsa ta gefenta na wajen baya, a manne. Ana yanke siraran tantanin da suka rataye hanta, a ja ta a hankali, a datse jijiyar kamar faɗin yatsa ɗaya daga shamaki. Kuskuren da aka fi yi shi ne fincikar hantar, sai jijiyar ta yage har cikin ƙofar. Idan an yanka daidai, za a ga bakin jijiyoyin hanta suna zubewa cikin bena kaba dab da shamaki. A cusa yatsa: ƙofar a cikin farar agara take, ɗan dama da tsakiya, bakinta siriri ne mai tauri, ba ya kama yatsa, kuma bangon jijiyar a ɗinke yake da agarar yadda ba a iya zare shi. Yanzu wani ya riƙe jan naman ta gefe biyu ya ja waje, kamar yadda tsokar ke ja idan an shaƙi iska. Mai yatsa a ciki zai ji ƙofar ta ƙara faɗi. Ke nan duk lokacin da mutum ya ja numfashi, matsin ciki yana ƙaruwa, na ƙirji yana raguwa, ƙofar tana buɗewa, jini yana samun saukin komawa zuciya. A jikin mutum wannan ƙofar ce ta fi sauran zama sama, daidai gaɓa ta 8, kuma rassan jijiyar saƙo ta shamaki ta dama, wadda ake kira firenik, suna bi ta nan. Ba kasafai wani abu daga ciki ke kutsawa ta wannan ƙofar ba, ga ɗinki ga hanta ta tokare.

Ƙofa ta biyu ita ce mai yawan magana. A bi guntun bututun abincin da aka bari, a share kitsen da ke kewaye da shi da yatsa, ban da almakashi. Ƙofar doguwa ce kamar tsagar aljihu, kuma bakinta jan nama ne mai kauri ta kowane gefe. A jikin mutum zaren ƙafar dama ne suka rabu biyu suka zagaye bututun kamar majajjawa, duk da cewa ƙofar tana ɗan hagu da tsakiya, kimanin santimita biyu da rabi, daidai gaɓa ta 10. A cusa yatsa biyu gefen bututun, wani ya ja ƙafafun shamakin zuwa wajen wutsiya. Tsokar za ta damƙe yatsun. Jan da ya buɗe ƙofar farko shi ne ya matse ta biyu, kuma hikimar a fili take: lokacin da matsin ciki ya ƙaru, wajen jan numfashi ko tari ko ɗaukar buhu, lokacin ne abin da ke cikin tumbi zai so komawa sama, sai shamaki ya tsuke hanyar.

Sannan a ja bututun gaba da baya. Yana zamewa kaɗan, domin ba a ɗinke yake da ƙofar ba, wani tantani mai talewa ne ya riƙe shi, don ya samu damar motsi idan ana haɗiya. Wannan sassaucin shi ne raunin wurin. Idan shekaru suka ja, ko teɓa ta yi yawa, ko ciki ya yi ta zuwa a kai a kai, ko tari ya daɗe, ƙofar tana saki, saman tumbi ya zame ya shige ƙirji. Fiye da tara cikin goma na masu wannan matsala irin mai zamewar suke da shi, inda mahaɗar bututu da tumbi ita kanta ta hau sama. Da yawansu ba sa jin komai. Masu ji kuwa ƙwannafi ne ke damunsu, da tsamin baki idan sun sunkuya shara ko noma, ko sun kwanta bayan tuwon dare, ko bayan sahur a watan azumi. Shawarar da ta fito daga fahimtar ƙofar ita ce a rage yawan abin da ake ci a zama ɗaya, a bar kamar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, a ɗaga kan gado da bulo kimanin santimita 15 zuwa 20. Tara matasai ba ya yi, domin lanƙwasa mutum yake yi a tsakiya ya ƙara matse cikin. Iri na biyu shi ne wanda mahaɗar ta tsaya a wurinta amma wani ɓangare na tumbi ya naɗe ya shige ta gefen bututun. Bai cika yawa ba, amma ya fi haɗari, domin yana iya murɗewa jini ya daina isa gare shi. Dattijon da ya zo da matsanancin ciwo a ƙahon zuci, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, kuma robar hanci ta ƙi wucewa, ba a ajiye shi ya kwana, asibitin da ake tiyata za a kai shi nan take.

A jikin bututun akwai fararen zare biyu masu ɗan faɗi, kamar zaren lilo. Idan aka murza bututun tsakanin yatsu za a ji su sun fi naman tauri. Su ne jijiyoyin saƙo na bagus, masu sarrafa motsin tumbi da fitar ruwan narka abinci. A rago ɗaya tana wajen baya ɗaya tana wajen ƙirji. A mutum ta gaba mafi yawanta daga bagus ta hagu take, ta baya daga ta dama, saboda juyawar da tumbi ya yi tun jariri na cikin mahaifa.

Abin da ba ya ganuwa sosai a lafiyayyen rago, amma ya fi komai muhimmanci a yankinmu, shi ne ƙananan jijiyoyin jini da ke bin bututun ta wannan ƙofa. Rassan jijiyar hagu ta tumbi ne. Masu mayar da jini daga cikinsu suna da hanya biyu: ta ƙasa suna zubewa cikin jijiyar da ke kai jinin hanji zuwa hanta, ta sama kuma suna haɗuwa da jijiyar azigos ta cikin ƙirji. Idan hanta ta taurare, ko saboda ciwon hanta nau'in B da ya daɗe, ko saboda tsutsar tsargiya irin ta hanji da ake ɗauka a ruwan fadama da magudanan noman rani, jini ba ya samun wucewa ta hanta, sai ya juyo ya bi wannan ɓarauniyar hanya. Siraran jijiyoyin su kumbura a ƙarƙashin fatar cikin bututu, wata rana su fashe. Manomin rani da ya zo yana aman jini guda-guda, saifarsa ta kumbura, cikinsa da ruwa, wannan ƙofar ce za ta fara zuwa ran ma'aikacin lafiya. A sa masa ruwa ta babbar allura, kada a ba shi asfirin ko diklofenak, a nemi mota da masu ba da jini.

Kafin mu bar nan nakan zura robar hanci daga yankan wuya har ta fito ta guntun da muka ɗaure, bayan an kwance zaren, don kowa ya ji ɗan turjiyar da take yi a ƙofar. A babban mutum tsawon bututun abinci kimanin santimita 25 ne, kuma daga haƙoran gaba zuwa wannan ƙofar kimanin santimita 40.

Ƙofa ta uku sai an kwantar da hannu a kan ƙashin baya ake samunta. A tura ƙodoji gefe, a bi tsakanin ƙafafun shamaki biyu. Ga awota nan, babbar jijiya mai harbawa, fara-fara mai ɗan rawaya, bangonta da kauri, idan an matse ta sai ta koma da'ira kamar tiyo, saɓanin bena kaba da ke lanƙwashewa kamar tsohuwar leda. A zura tsinke a gefenta zuwa wajen ƙirji, a lura da abin da ke kewaye da shi: ta baya ƙashi, ta gefe biyu ƙafafun shamaki, ta gaba kuma inda ƙafafun suka haɗu. A mutum wannan mahaɗar wata 'yar agara ce mai siffar baka, daidai gaɓa ta 12. Wato awota ba ta huda shamaki ba, ta bayansa ta wuce. A ja tsokar yadda aka ja ta ɗazu, tsinken ba ya matsuwa. Da jijiyar da ke ciyar da hanji da ƙoda da ƙafafu tana cikin tsoka, da kowane numfashi sai ya shaƙe ta. Da awota ta fito wajen ciki, nan take ta fitar da babban reshe mai ciyar da tumbi da hanta da saifa, kuma sau da yawa za a ga guntunsa inda mahauci ya datse.

Abokan tafiyar awota a mutum su ne bututun ruwan kaluluwa na ƙirji, yana damanta ta baya, sannan sau da yawa jijiyar azigos. Bututun ruwan kaluluwar siriri ne, bangonsa garai-garai, kuma a mayanka ba kullum muke dacewa da ganinsa ba. Idan ba mu gan shi ba, ba na barin kowa ya nuna wani zaren kitse ya ce shi ne. Shi ke ɗauko man da hanji ya tsotsa ya kai shi jijiyar gindin wuya ta hagu. Idan ya tsage, ruwa mai kama da madara ke taruwa a ƙirji.

Muna soka tsinke ɗaya a kowace ƙofa, sannan mahauci ya tsaga ƙashin ƙirji mu duba ta ɗaya fuskar. A nan bambancin rago da mutum ke fitowa, kuma dole a faɗe shi, kada ɗalibi ya tafi da hoton da ba daidai ba. Haƙarƙarin rago 13 ne a kowane gefe, na mutum 12, don haka lambobin 8 da 10 da 12 na mutum ne kaɗai. A rago bena kaba tana tafiya mai ɗan tsawo a cikin ƙirji kafin ta isa zuciya, a mutum kuwa jakar zuciya a manne take da agarar tsakiya, da jijiyar ta ratsa ƙofa ta shiga zuciya. Azigos ɗin rago ta hagu ce babba, ta mutum ta dama. A saman bututun abincin rago akwai wata doguwar kaluluwa da ɗalibai kan ɗauka ƙari ce, alhali lafiyayya ce. Tsarin ƙofofin dai ɗaya ne: ta bena kaba ta fi kusa da ƙashin ƙirji, ta awota tana jikin gadon baya, ta abinci a tsakaninsu.

Ta wannan fuskar ake ganin jijiyoyin firenik sarai, ta dama tana bin gefen bena kaba, ta hagu ta wuce ta gefen jakar zuciya ta nutse cikin shamaki ita kaɗai. A mutum daga wuya suke tasowa, daga saiwa ta 3 da ta 4 da ta 5 ta jijiyoyin saƙon da ke fita daga laka, domin shamaki a wajen wuya ya fara samuwa kafin ya sauko ƙasa. Fatar kan kafaɗa ma daga saiwa ta 3 da ta 4 take samun jin zafi. Shi ya sa idan jini ko mugunya ta taɓa ƙasan shamaki, mutum a kafaɗa yake jin ciwon. Matar da ta yi ɓatan wata, ta zo da ciwon mara da jiri, ta ce kafaɗarta na ciwo idan ta kwanta, a ɗauka cikin wajen mahaifa ne ya fashe har sai an tabbatar da akasin haka. Yaron da ya faɗo daga bishiya ko amalanke yana kukan kafaɗar hagu alhali ƙashin lafiya lau, a duba saifa. Ƙurjin hanta kuma kafaɗar dama yake kaiwa. Shaƙuwa ma fizgar shamaki ce, kuma wadda ta wuce kwana biyu ba ta tsaya ba tana bukatar bincike, musamman na ƙoda da na abin da ke ƙarƙashin shamakin.

Ƙananan mashigai ba ma daɗewa a kansu. Jijiyoyin saƙo da ke zuwa kayan ciki suna huda ƙafafun shamaki, sarƙar jijiyar saƙo ta gefen ƙashin baya tana wucewa ta bayan wata bakar agara a kan tsokar ƙugu, sannan a gefen ƙarshen ƙashin ƙirji akwai ɗan gibi da jijiyoyin jini ke bi su sauka bangon ciki. Wani masani ɗan Italiya, Morgagni, ya bayyana yadda kayan ciki kan kutsa ta wannan gibin na gaba, amma abu ne da ba a cika gani ba. Wanda ya kamata ungozoma da ma'aikacin ɗakin haihuwa su sani shi ne na baya ta gefe, wanda Bochdalek na birnin Prague ya bayyana a 1848. Wajen ne ke rufewa a ƙarshe lokacin da ake halittar jariri, kuma idan bai rufe ba, fiye da takwas cikin goma ta hagu ne. Hanji ya cika ƙirji, huhu ya kasa girma. Jaririn yana fitowa da wahalar numfashi, cikinsa a shafe kamar an kwashe, bugun zuciyarsa ana jin sa ta dama. A irin wannan, hura iska da jaka da marufin fuska yana cika hanjin da ke cikin ƙirji da iska ya ƙara danne huhun. A zura robar ciki a zuƙe iskar, a ba shi iskar oksijin, a lulluɓe shi, a nufi inda ke da likitan tiyatar yara, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Mataki na ƙarshe a jikin mutum muke yin sa, bayan an cire safa an wanke hannu. Ɗalibi namiji ɗaya ya tuɓe riga ya tsaya, hannuwa a sake. A sunkuyar da kansa, ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya shi ne gaɓa ta 7 ta wuya, daga nan a ƙirga ƙasa. Ƙasan allon kafaɗa yana daidai tsinin gaɓa ta 7 ta ƙirji, kuma tunda tsinin gaɓoɓin tsakiyar baya sun karkata ƙasa kamar jeren kwanon rufi, wannan layin ya faɗa kusan kan jikin gaɓa ta 8. Ga tsayin ƙofar bena kaba. Haƙarƙari na ƙarshe kuma yana kai hannu ga gaɓa ta 12. Ta gaba abin yakan ba ɗalibai mamaki: idan an fitar da numfashi, ƙololuwar shamaki ta dama tana kai haƙarƙari na 5, dab da ƙasan kan nonon namiji, ta hagu ta ɗan fi ƙasa saboda babu hanta da ta tura ta. A numfashin hutu saukarsa ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu, a dogon numfashi tana ninka haka sau da yawa, kuma a ƙarshen goyon ciki yana ƙara hawa kimanin santimita 4.

Ma'anar wannan ita ce duk sukar wuƙa ko ƙahon sa da ta shiga daga layin kan nono zuwa ƙasa ta gaba, ko daga ƙasan allon kafaɗa ta baya, tana iya zama ta ratsa shamaki ta shiga ciki, ko da ramin a ƙirji yake. Ba a ɗinke bakin a sallami mutum. Ƙaramar huda a shamakin hagu ba ta cika rufewa da kanta ba, domin tsokar ba ta hutawa kuma ƙirji kullum tsotso yake yi, bayan watanni ko shekaru sai hanji ya shige ya maƙale. A haɗarin babur ko mota ma, idan shamaki ya fashe, an fi samun sa ta hagu, inda babu hantar da za ta tare.

Idan an yanka sa a wannan safiyar, nakan roƙi mahauci ya nuna mana sashen tumbin nan mai kama da saƙar zuma kafin ya wanke. Shi ke jingine da shamaki, kuma a cikinsa ƙusa da guntun waya da saniya ta haɗiya suke taruwa. Tsakaninsa da jakar zuciya ɗan taƙi ne, shamaki kaɗai ke tsakani, don haka ƙusar kan huda tumbi ta huda shamaki ta kai ga zuciya. Mahautan sun san wannan tun kafin mu, sukan ce, "Malam, ai mun sha ganin waya a tsaye, mugunya ta kewaye zuciyar." Daga nan mu zare tsinkayenmu uku, mu ƙirga su a gaban mahauci don kada guntu ya saura a nama, mu ɗauki shamakin da hantar da muka biya a faranti, ya ci gaba da sarar ragonsa kafin masu tsire su iso.